Abin da Na Gani a Madubin Asibiti

Yaya Asabe,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya maigida da yara, yaya sanyin Jos?

Talatu, autata, ta yi zawo har idanunta suka zurma. Na ɗauka haƙori ne. A asibitin Sabon Gari malamin ya sa ɗigon bayan gidanta ƙarƙashin madubi, ya ce, "Zo ki leƙa. A ruwa ta sha su." Yaya, wasu 'yan halittu na gani suna iyo a hankali, kamar kifin tafkin garinmu. Har yanzu in na buɗe randa sai in tsaya ina kallo.

Tafasa ruwa nake yi yanzu. Jiya ta tashi zaune, ta miƙa hannu tana son kunu.

Ki sa ta a addu'a. Ki gaishe da Inna.

Ƙanwarki,
Ladi, Samaru