Laraba, Ranar Hambaga

Laraba, 6 ga Maris
Tun safe nake gaban kasko, maiƙo yana tsalle yana cin hannuna. A gidan yarin nan babu ranar murna sai wannan: hambaga ɗaya, wato soyayyen nama cikin burodi, ga kowane fursuna, da soyayyen dankali. Har marasa lafiya sukan lallaɓo su bi layi.

Boyd, wani fursuna mai cin zali, ya sake ƙwace ta tsoho Orville, abokin ɗakina. Hannu kawai ya miƙa ya ɗauke daga tire. "Kaka, da wane haƙorin za ka tauna? Taimakonka nake yi." Orville ya sunkuyar da kai ya ci dankalinsa. Ni ma na kau da kai.

Lahadi, 10 ga Maris
'Yata Shondra ta zo ziyara. A watan Yuni kwamitin sassauci zai duba batuna, mai yiwuwa a sake ni. "Baba, don Allah ka riƙe hannunka." Na yi mata alkawari.

Laraba, 13 ga Maris
Yau Orville ya riƙe tirensa gam, ya ce a'a. Boyd ya damƙi ƙeyarsa ya gwara fuskarsa da bakin tebur, ya ɗaga ya sake gwarawa. Jini har cikin burodin. Haka Boyd ya ɗauka ya ci yana dariya. Gandurobobi suka ce zamewa tsohon ya yi. Ni aka sa na goge wurin.

Alhamis, 14 ga Maris
Hancin Orville ya karye. Ta baki yake numfashi, kamar akuyar da aka shaƙe.

Litinin, 6 ga Mayu
Sai yau suka fito da ni daga ɗakin horo, suka maido mini da littafina. Bari in rubuta yadda aka yi.

Larabar da ta biyo baya, Boyd ya tsaya gabana a layi. "Kuku, ɗora mini na Kaka tun daga nan, ka rage masa wahala." Ludayin kwasar maiƙo na hannuna, cike, yana tafasa. Ban yi tunani ba. Ko kuwa na yi, ban sani ba. A fuska na watsa masa. Na tsallake kanta na bi shi ƙasa, na yi ta maka masa ludayin har ya lanƙwashe. Barkonon tsohuwar da suka fesa mini ne ya raba mu. Ƙaurin fatarsa bai bambanta da na naman ba, abin da ya fi tsaya mini ke nan.

Ya rasa ido ɗaya, an mai da shi wani gidan yarin. An soke zaman Yuni. An cire ni daga kicin zuwa wanki. Shondra ba ta ɗaga waya.

Laraba, 8 ga Mayu
Na shiga ɗakin cin abinci, mutane suna matsa mini hanya. Wani sabon zuwa, siriri mai tabarau, ya zauna a teburinmu. Orville ya zungure shi da gwiwar hannu. "Malam, ka san gaban wa kake zaune?" Mutumin ya dube ni, ya turo mini hambagarsa.

Na yi niyyar mayar masa. Wallahi na yi.

Na raba biyu, na ba Orville rabi. Ai ban roƙe shi ba, shi ya bayar.