Kitson Ranar Asabar

Talata, bayan sallar isha'i

Ƙafafuna sun kumbura. Wuni na yi ina ɗaga tsohuwar da nake kula da ita, na dawo gida Bronx a tsaye cikin jirgin ƙasa. Ko takalmi ban cire ba Yaya Rabi ta kira daga Arizona. Maganar nan ce dai: in tura mata 'yata Hanan. Wai a can gwamnatin jiha tana buɗe wa yaro asusun karatu, iyaye su zaɓi makarantar da suke so, har mai haɗa boko da Alƙur'ani. Mu nan babu wannan, irin makarantar kuma ta fi ƙarfinmu.

Baban Hanan har ya amince. Ya ce, "Ai ita ma 'yarta ce. Mu ma a hannun wasu muka tashi." Gaskiya ne, ni kaina gwaggo ce ta riƙe ni a Kano. Shi ya sa ma ban musa ba.

A gaban yarinyar muka yi ta maganar, tana cin tuwo. Mun saba ɗauka ba ta jin Hausa sosai, tunda komai aka ce mata da Turanci take amsawa.

Da na je kashe mata fitila sai ta riƙe min hannu. Da Hausa ta yi magana, a hankali, tana laluben kalmomin: "Mama, in na tafi, wa zai yi min kitso ranar Asabar?"

Shekara da shekaru ina roƙonta ta yi min Hausa. Yau ta yi, na zauna a bakin gadon ina shafa kitson da na yi mata.