Ƙofar da Na Sa wa Gona

Litinin, 7 ga Janairu, 2019
Manhajarmu ta tashi! Ni da Falalu, abokin karatuna a Mafara, mun gama ta don ƙungiyar manoman rani ta Tsibiri. Ita za ta riƙa raba awannin ruwan madatsar Bakolori gona-gona. Ni na rubuta sashen da muka sa wa suna Gona, inda awannin ke zaune, shi ya yi fuskar da ake dannawa. Yau ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Asabar, 19 ga Janairu
An yi ɓarna. Kawu Maiwada, shugaban ƙungiya, ya ce a ƙara masa awanni, Falalu kuwa ba ya iya kallon idon babba ya ce a'a, sai ya ƙara masa. Ni kuma na bar awannin a buɗe, kowane sashe na manhajar na iya zura hannu ya canza. Shinkafar Inna Adama da ke ƙarshen kwatar ruwan ta wuni ba ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Laraba, 23 ga Janairu
Na kulle awannin! Yanzu ƙofa biyu ce kawai. Ta farko, geta, tana nuna maka rabonka, gani ban da taɓawa. Ta biyu, seta, ita kaɗai ke canzawa, ita ma sai ta duba ko ƙarin zai ci rabon wani. In zai ci, ta ƙi. Kamar rumbun gidanmu, sai ta hannun innata. Falalu har da tafi, wai ya sami mai cewa a'a a madadinsa kyauta. Matsoraci.

Juma'a, 1 ga Fabrairu
Kawu ya gwada neman ƙari, seta ta ƙi. "Mi kinka yi ma injin ga, ɗiyata?" Na ce tarbiyya na ba shi. Na sha dariya kamar cikina zai yi ciwo, a ɓoye dai.

Lahadi, 3 ga Maris
Shinkafar Baba ta fara fidda kai, zafi ya taso, ganyen na naɗewa. Ya ce in ƙara mana. Na gwada a gabansa, seta ta ƙi, rabon Inna Adama zai taɓu. Layi ɗaya zan goge a rubutun manhajar ta yarda, na sani.

Na ce, "Baba, ta ƙiya."

"Ba ke kinka gina ta ba?"

Na ce ni ce.

"To ke kinka ƙiya."

Ban musa ba. Tunda nake ban taɓa ce masa a'a ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya aika a aro masa injin ban-ruwa.