Gyaɗar da aka ce in sa wa hannu

Sabon Gari, Maraɗi

Zuwa ga Yaya Idirisa, a Kwatano.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maijidda da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Inna tana nan lafiya a Tsibiri, sai ciwon gwiwa, sai kuma wayar da ka yi mata ranar Juma'a, wadda ta hana ta cin abinci.

Ka ce mata in daina taurin kai, in bi maganar abokinka Shamsu, tunda don darajarka ya ɗauke ni aiki. To ga abin da Shamsun, direktan kamfaninmu na man gyaɗa, yake so in bi. Tun bara rufin magazan ɗin kamfani, inda ake ajiye gyaɗa, yake yoyo. Sau uku ina rubuta masa. Amsar da na samu ita ce sabon fenti a ƙofar shiga, da allo mai hotonsa yana murmushi. Damina ta sauka kan gyaɗar da aka sayo daga Jiratawa, buhu ɗari biyu suka yi fumfuna har ciki. Kamfani ba shi da ƙarfin sayen wata, don cikin injuna uku ɗaya ke motsi. Sai ya tara mu, ya yi awa biyu yana bayani kan haɗin kai, ya rufe da cewa za a matse gyaɗar haka nan, ni kuma in sa hannu a takardar labo, ɗakin gwajinmu, cewa man lafiyarsa ƙalau. Na ce masa gubar fumfuna hanta take ci, kuma matatarmu ba ta cire ta. Ya ce shi ya shinshina man da kansa bai ji komai ba. Ashe shekara biyar na ɓata a jami'a ina koyon abin da hancin abokinka ke yi cikin minti ɗaya.

Masu sayen man nan matan da ke tuyar ƙosai ne a ƙofar makarantu. Shamsu ya ba ni zuwa Litinin, ko in sa hannu ko in rasa kujerata. Na san da aikin nan nake saya wa Inna magani, ba sai ka tuna mini daga bakin teku ba.

Tare da wasiƙar nan na aiko maka jarka guda ta man da aka matsa don gwaji. Na rubuta a jikinta kada Maijidda ta buɗe sai ka karanta. Idan za ka iya ba ta ta soya wa 'yarka Tahira ƙosai da shi, kira ni ka sake cewa in sa hannu. Idan ba za ka iya ba, kira Inna ka gyara maganarka kafin Litinin.

A gaida Maijidda da Tahira da Muhammad Auwal. Shamsu ma ya ce in gaishe ka, ga shi na isar.

Ƙanwarka,
Ramatu