Ki Riƙa Sa Lamba a Saman Takarda

Oulu, Finland
9 ga Nuwamba, 1998

Yaya Rahama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Shu'aibu da yara. Ya ƙarin haƙurinmu?

Ni lafiya lau, sai dai ƙarfe uku da rabi rana take faɗuwa a nan. Ana sabawa, in ji mutanen garin.

Kin tambayi aikina. Na wayar hannu ne, wadda ba ta iso Gusau ba tukuna. Akan yanka muryar mutum gunduwa-gunduwa, a tura daga eriya zuwa cibiya. Ni nake tsara bayanin da ke saman kowace gunduwa: inda za ta, tsawonta, da lambarta, don kada ta baya ta riga ta gaba.

Wasiƙarki ta rasuwar Baba ta zo ta gidan waya. Bayan kwana goma sha ɗaya, wadda kika ba Alhaji Yahuza ya taho min da ita ta iso, babu kwanan wata. A ciki kin ce Baba ya ji sauƙi, har ya leƙa gonarsa ta 'Yandoto. Yaya, yini guda na yi ina zaton ta farkon ce kuskure, kafin na gane ta hannun Alhaji kika fara rubutawa.

Yanzu takardunki biyu ne a gabana. Ɗaya ta ce an kwantar da Inna a asibiti a Tsafe, ɗaya ta ce tana gida tana damun fura. Ban san wacce ce ta ƙarshe ba. Don Allah ki riƙa sa lamba a saman kowace takarda.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna lafiya. Wannan ita ce ta ɗaya. Ina jiran ta biyu.

Ƙaninki,
Abdurrashid