Gaisuwar Da Na Haɗiye A Tasha

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba, yadda zancen ya zo bakina haka zan zuba miki.

Ban daɗe da zuwa garin nan ba, wajen gwaggona nake zaune. Allah ya taimake ni aka ɗauke ni koyon aiki a wata cibiya da ake kula da yara da matasa masu damuwa a rai, su da iyayensu. Ba asibiti ba ne, babu allura babu gado. Ɗaki ne da kujeru a zagaye, da kwalin fensir mai kala, da wata fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya. Sauran 'yan koyon daga jami'a suke. Ni nawa tarbar mutane ne, in ba su ruwa, in zauna da ƙananan yara idan an shiga ciki da iyayensu. Wallahi ina son aikin nan, Anti. Har tsintsiyar wurin ina so.

Tun ranar farko shugabarmu ta kafa mana doka: duk mai zuwa cibiya, idan mun gan shi a waje, kada mu fara gaishe shi. Wai kada na kusa da shi ya tambaya ina ya san mu, asirinsa ya tonu. Na ce to, amma a raina na ce wannan wace irin doka ce? Ni da ko kaza ce ta gifta sai na ce mata sannu.

To akwai wata baiwar Allah, ba zan faɗi ko wace ce ba, tana kawo ɗanta matashi da ya daina zuwa makaranta, ya daina magana da kowa. Mun saba sosai, 'yata take ce mini. Yaron ma har ya fara ɗaga kai idan na miƙa masa ruwa. Ran nan ma ya buɗe baki ya ce fankarmu mai take so, muka yi ta murna kamar an yi mana haihuwa.

Sai ranar hutu mun fito da Gwaggo muna jiran mota a tasha, ina ɗaga ido sai ga matar nan a tsallaken titi. Har gaisuwa ta zo bakina, sai dokar ta faɗo mini. Kuma gwaggona, Allah ya ja kwananta, idan labari ya shiga kunnenta da safe, kafin rana ta take ya zaga unguwa ya dawo da 'ya'ya. Matar ta gan ni, ta yi murmushi, har ta ɗan ɗaga hannu. Ni kuwa na ruɗe, na je na laɓe bayan falwayar lantarki, wadda ko rabin jikina ba ta rufe ba. Ina leƙowa na ga ta sauke hannun a hankali, ta shiga mota.

Gwaggo ta yi mini tatas. Ta ce daga samun aiki har na fi ƙarfin gaida manya. Daga baya kuma ta ce ta gane, uwar wani saurayi ce nake ɓoye mata. Tun ran nan kullum sai ta tambaye ni wace ce, har da yi mini alkawarin sabon takalmi.

Abin da ya fi damuna, ranar zuwansu ta zo ba su zo ba. Na share ɗaki, na jera kujeru, shiru. Ina tsoron ta ɗauka kunyar saninsu nake ji. Idan yaron nan ya koma cikin shirunsa saboda ni fa? Ban gaya wa shugabarmu ba, kada ta ce ban iya komai ba ta sallame ni. Na san layin da matar take. In je gidanta in ba ta haƙuri? Ko in gaya wa Gwaggo gaskiya ta raka ni, tunda ta fi ni iya baki?

Taki, Sabuwar Hannu.

'Yata Sabuwar Hannu,

Na yi dariya da na hango ki bayan falwaya, amma dariyar ƙauna ce. Kin zubo mini labari daga farko har ƙarshe ba ki bari na gane ko wace ce matar ba. Wannan shi ne rabin aikinku, kuma kin riga kin iya shi.

Dokar shugabarku tana da hujja. Har yanzu akwai masu yi wa yaron da ke zuwa irin wurinku kallon mai taɓin hankali, don haka uwa ce ke da ikon zaɓar wanda zai sani. Amma Gwaggo ma ba ta yi ƙarya ba: babba ya ɗaga miki hannu ki ɓuya, dole ya ji zafi. Kuskurenki ɗan kaɗan ne. An ce kada ki fara, ba a ce kada ki amsa ba. Tunda ita ta ɗaga hannu, murmushi da sannu sun wadatar, ba sai kin tambayi jikin yaro a bainar jama'a ba.

Kada ki je gidanta. Maƙwabta za su tambayi wace ce baƙuwar, abin da kika guje wa a tasha ki kai mata shi har ƙofa. Gwaggo kuwa ki bar ta a gida. Ki ba ta haƙuri kan rashin gaisuwar, ki ce kin ruɗe ne, sannan ki faɗa mata cikin ladabi cewa ba kya bayanin inda kika san mutum, ko wane ne. Za ta yi mita kwana biyu, ta sami wani labarin.

Gobe ki sami shugabarku ki faɗa mata komai. Ba a korar ɗan koyo don ya bi doka har ya zarce, mai ɓoye kuskure ake tsoro. Ita ta san yadda za a kira matar daga cibiya. Wataƙila mura ce ko wata hidima ta hana su zuwa, wataƙila kuma ta ji haushin. Ko wanne ne, waya ɗaya za ta nuna. Ki kuma roƙa a riƙa sanar da kowane iyali wannan doka tun zuwansu na farko, don kada wata uwar ta sake zaton an raina ta.

Idan sun dawo, ki tare ta a ƙofa da gaisuwa cikakkiya, ki faɗa mata da bakinki cewa don rufa wa ɗanta asiri kika ɓuya. Uwa ba ta riƙe irin wannan a rai, sai dai ta taya ni dariya.

Allah ya ba yaron lafiya, ya dawo miki da su, ke kuma ya zaunar da ke a aikin nan har ki zama mai koya wa wasu.

Antinki.