Na zuba wa jikata maganin ƙiba a kunu, yanzu na kasa dainawa

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin, don girman Allah ki ɓoye sunana. Ni ban taɓa shiga aji ba, murya na tura aka rubuta min yadda na faɗa, in kun ga maganar ta karkace ku yi haƙuri. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku hanzarta, don kwanakin da suka rage min ba su da yawa.

Ni dattijuwa ce, na haura sittin. Wankan jego ne ya kawo ni Alƙahira shekara biyu da suka wuce, matar ɗana na fari ta haihu, shi yana karatunsa ita ma tana nata, sai suka roƙe ni in zauna musu da yara. Muna unguwar Hayyin Ashir, hawa na huɗu. Girki a hannuna yake. Ba ni da wasa, duk wanda ya san ni ya san haka, 'ya'ya bakwai na raina kuma babu wanda ya taɓa tashi gaban kwanona bai ƙoshi ba. Babu abin da ke shiga gidan nan ko ya fita ban gani ba. Shi ya sa abin da zan faɗa yake min nauyi, don ni ce mai sa wa kowa ido, ni kuma babu mai sa min.

Babbar jikata sunana aka sa mata, muna ce mata Ummi, shekararta goma. Yarinya ce mai jiki tun tana goye, irin jikin gidanmu, kumatu cike, tubarkalla. Farkon shekarar karatun nan makarantarsu ta kawo sabuwar doka, aka aiko da takarda uban ya karanta mana. An hana a sa wa yaro soyayyen abu a lonci bos, wato kwanon abincin makaranta, an hana alawa da lemo mai gas da cipsi, har ta'amiyya, ƙosan mutanen nan, an hana. Kullum mis, malamarsu ke nan, za ta buɗe kwanon kowa ta duba. Da safe a tabur, wato layin da suke yi kafin su shiga aji, an ƙara musu tsalle-tsalle da zagaya fili, ga darasin wasanni sau uku a sati. Sannan kowane zango nas ɗin makaranta za ta auna nauyinsu ta rubuta a kati.

Na ce musu wannan wace irin makaranta ce da take leƙa tukunyar mutane? Ɗana ya ce, "Inna, lafiyarsu ake nema, doka ce ta kowa da kowa." Daga ranar uwar ta karɓi haɗa kwanon makaranta, kokwamba da cuku da ɗan burodi da tuffa. Ni fanke nake sa mata da, da ɗanwake, ran da na samu dama har dambu. Na ce abincin zomo kuke ba ta, suka yi dariya.

Aka yi awo na farko, katin Ummi ya dawo da alamar ja. Ban san abin da aka ce mata a can ba, ba ta faɗa ba, amma daga ranar ta canza. In na zuba mata tuwo sai ta ture man shanun gefe. Ta daina neman ƙari. Ta daina shiga lif, sai ta hau benen da ƙafa ta sauko ta sake hawa. Wata biyu na ga ƙashin wuyanta, abin da ban taɓa gani ba tun haihuwarta. Uwar ta ce tamam ne, lafiya lau, ai tsawo take yi. Muka yi ka-ce-na-ce sosai, na gaya mata maganganun da ban ji daɗinsu ba daga baya, ta shige ɗaki tana kuka, ɗana ya fito ya ba ni haƙuri amma bai canza komai ba.

Abin da ya ƙarasa ni kiran bidiyo ne da muka yi da gida. Ƙanwata ta ƙura wa yarinyar ido ta waya ta ce, "Yaya, wannan Ummin ce? Kina gidan ta koma haka? Ko abincin ne babu a Masar ɗin?" Mata na bayanta suna leƙowa. Wallahi ji na yi kamar an tsayar da ni a tsakar gidan biki an kware min zani.

Akwai wata mata a unguwarmu, Bahaushiyar Sudan, kakanninta ne suka taso daga ƙasarmu a hanyar Makka suka zauna can. Lalle take sayarwa da turaren wuta, ita kaɗai ce nake hira da ita da Hausa in na fita. Na kai mata kuka. Ta ce, "Hajiya, wannan ai ba abin damuwa ba ne, sati biyu khalas, an gama." Ta ɗauko wasu ƙananan ƙwayoyi farare a ƙulle cikin leda, babu kwali babu rubutu, ta ce su amare suke sha kafin biki. Na gane su, irin wanda ake ce wa sha-ka-fashe ne a gida. Na ce yarinya ce fa. Ta ce to ki riƙa ba ta rabi.

Kullum da safe ni nake dama mata kunun gyaɗa kafin motar makaranta ta zo. Sai in murƙushe rabi da bayan cokali in zuba a kofinta. Babu wanda ya sani. Yau wata uku ke nan da 'yan kwanaki.

Da farko na yi murna, ba zan yi muku ƙarya ba. Ci ya buɗe, tana dawowa take faɗa wa tukunya, kumatu suka dawo. Amma ni mai lura ce, kuma ni nake cuɗa mata baya in za ta yi wanka. Ƙibar ba irin tamu ba ce. Fuska ta yi zagaye kamar an hura, ciki ya fito, amma ƙafafu da hannaye sai ƙara sirancewa suke. Wani tudu ya fito mata a bayan wuya. Wasu layuka jajaye suka bayyana a gefen cikinta, irin na mai tsohon ciki. Ruwa take sha kamar ba za ta daina ba. Ta kuje a gwiwa wajen wasanni, sati uku ciwon bai kame ba. Yarinyar da ba ta da fushi, yanzu abu kaɗan ta fashe da kuka.

Awo na biyu aka kira iyayen. Mudira, shugabar makarantar, ta ce nauyin ya haura na farko, alhali kwanonta kullum daidai da doka yake, to lallai akwai abin da take ci a ɓoye. Aka ƙara mata zagayen fili bayan na sauran yara. Da suka dawo gida uban ya tsare ta a falo, ya ce ta faɗa masa gaskiya, a kushk ɗin bakin makaranta take sayen kayan zaƙi ko ƙawaye ne suke ba ta? Tana kuka tana rantsuwa da Allah ba ta ci komai ba. Ya ce ƙarya ta fi ƙibar ɓata masa rai. Ta juyo ta kalle ni ta ce, "Hajiya, ke ai kin san ba na ƙarya, ki gaya wa Abba." Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Abin da na iya cewa kawai shi ne ya bar ta haka. Mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba, ya tashi ya ƙyale ta.

Ranar na yanke shawarar na daina. Juma'a ban zuba ba, Asabar ban zuba ba. Asabar da yamma ta fara cewa jikinta babu ƙarfi, kanta na juyawa, ta yi amai sau biyu. Uwar ta ce sanyi ne ya kama ta. Lahadi ta lallaɓa ta tafi makaranta, don a nan Lahadi ake komawa, ana cikin zagayen tabur ta yanke jiki ta faɗi. Aka dawo da ita leɓe a bushe, ido a ciki, hannunta sanyi ƙalau. Ina kallonta a kwance, zuciyata ta ba ni abin da ke faruwa. Na shiga kicin na dama kunu na zuba rabin. Kafin la'asar ta tashi zaune tana neman abinci. Iyayen suka yi hamdala. A nan na gane abin ya riga ya kama jikinta. In na ba ta yana cin ta, in na hana ta tana faɗuwa.

Na koma wajen mai lallen na tambaye ta sunan maganin. Ta ce ita ma ba ta sani ba, kawo mata ake yi, kuma yanzu ya yanke, mai kawowar ta yi tafiya. Na gaya mata abin da ya samu yarinyar, sai fuskarta ta canza ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri Hajiya, amma ni ban ba ki komai ba, kar ki sa sunana." Ta juya tana jera kwalaben turarenta kamar ba na wurin.

Yanzu makaranta ta ce Ummi ba za ta koma ba sai da takardar likita. An ba mu ranar Talata, za a ɗebi jininta. Sun haɗo da fom, jiya ɗana ya zauna yana cikewa yana karantawa a fili. Ya zo wurin da aka tambaya ko tana shan wani magani a gida, ya ɗago ya ce, "Inna, ban da kunun nan naki babu wani jiƙo da kike ba ta ko?" Da murmushi ya faɗa, tsokana ce. Na ce babu. Na ga hannunsa ya ja layi a takardar.

Na yi tunanin in ja likitan gefe in gaya masa ni kaɗai, amma da wane baki? Larabcina bai wuce na cefane ba, Turanci babu. Duk abin da zan faɗa a asibitin nan sai ya bi ta bakin ɗana ko na matarsa. Kuma na san matar, in ta ji ba za ta sake barin in taɓa kofin 'ya'yanta ba, ba kuma zan ga laifinta ba. Shi kuma ban san da wane ido zai sake kallona ba. Wannan duk zan iya haɗiyewa. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne likita ya dubi fom ɗin nan ya ga an ce babu, ya tafi neman ciwo a wani wuri, ko ya ba ta abin da zai haɗu da wanda ke jikinta.

Kar ku ɓata lokaci wajen zagina, na riga ku. Masu aikin asibiti a cikinku nake so su fara magana. Ragowar da ke ƙulle a bakin zanina rabi biyu ne, na gobe Asabar da na Lahadi. Litinin babu, kuma na ga abin da kwana biyu babu shi ya yi mata. In raba su gida huɗu su kai ni Talata, ko yin hakan ma wata cutar ce? Ko in kira ɗana yau in ajiye masa ledar a gabansa, ya ɗauki 'yarsa su tafi asibiti ba sai an jira ranar ba? In haka ne, ku koya min da wace kalma uwa take fara gaya wa ɗanta cewa yarinyar da ya kira maƙaryaciya gaskiya ta faɗa masa. Yanzu haka Ummi tana falo a kwance, ta aiko ƙaninta sau biyu wai in dama mata kunu.